Ranar da Maƙodin Iya Ya Faɗa Gulbi

A bayan katangar gidan da muke zaune yanzu a Kaura akwai injin niƙa. Da an fito sallar asuba mai shi zai tayar da shi, ya yi ta ruri har azahar, yara sun jeru da robobi da bokitai. Kafin mutum ya gama alwala an niƙe masa abin da a zamaninmu sai mata biyu sun yi hantsi a kansa. Ba na kuka da injin nan. Na san abin da dutsen niƙa ya yi wa gwiwoyina da tafin hannuna, kuma duk wadda ta ce tana kewar wannan durƙuso, ina jin ba ta yi shi da yawa ba. Abin da ya taɓa ni daban ne. Kwanan baya jikanyata ta ƙi jin magana, na ce mata kanta ya fi maƙodi tauri. Sai ta tsaya tana kallona, ta ce, “Hajiya, mene ne maƙodi?” Na tambayi uwarta, ita ma ta ce tana dai jin ana faɗa. Duk gidan nan babu wanda ya taɓa riƙe shi a hannu sai ni. Shi ya sa na sa aka sayo mini littafin rubutu. Iyakata firamare, amma zan faɗi abin da na gani, inda na manta kuma zan ce na manta, don ba na son in ɗora wa waɗanda suka riga mu maganar da ba su yi ba.

Ƙauyenmu yana gefen hanyar Zurmi, a bakin wani ƙaramin gulbi da yake bushewa da rani har yara su yi langa a cikinsa. Can ba ƙarar inji ke tashin mutum ba. Tun da sauran duhu za ka ji taɓarya, sannan ka ji gurzar dutse daga gida gida, wata tana waƙa ƙasa-ƙasa don bayanta ya manta da ciwo. Kowane gida da dutsen niƙansa a gindin rumbu ko a ƙarƙashin rumfa, babban falale mai ɗan kwarmi a tsakiya, da ɗansa wanda ake riƙewa da hannu biyu ana turawa. Dutsen nan mai ɗigo-ɗigo ne, fari da ja-ja da ɗan baƙi, yana ƙyalli idan rana ta taɓa shi. Sai dai idan aka daɗe ana niƙa a kansa yakan yi sulɓi kamar bayan ƙwarya, hatsi ya riƙa zamewa, mace ta yi ta wahala gari ba ya fita. A nan ne ake cewa dutse yana son ƙoda. Sai a ɗauko wani ɗan dutse da ya fi shi tauri a yi ta ƙwanƙwasa fuskarsa a hankali, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har ta koma kaushi, ta sami haƙoran kama hatsi. Wannan ɗan dutsen shi ne maƙodi. Idan an gama sai a wanke dutsen, a fara niƙa dusa a kai a zuba wa kaji, don ta kwashe ɓurɓushin da ya rage. Wadda ta yi ragwancin wannan, mijinta zai gaya mata da haƙorinsa.

A unguwarmu maƙodi ɗaya ne na kirki, shi ne na kakata, uwar babana, wadda muke kira Iya. Baƙi ne wuluk, girmansa bai wuce lemon zaƙi ba, ya mulmule saboda hannayen da suka riƙe shi. Ta ce a wurin uwarta ta gaje shi. Idan ka gan shi za ka raina shi, idan ka ɗaga sai hannunka ya yi ƙasa. Mazauninsa wata tsohuwar ƙwarya a ƙarƙashin gadonta. Duk macen da dutsenta ya yi sulɓi sai ta zo ko ta aiko, Iya ba ta taɓa hana kowa ba, amma tana da dokoki biyu. Maƙodi ba ya kwana a gidan aro. Kuma ba ya dawowa hannu sake, sai da ɗan tafin gari daga niƙan farko. Ba don garin ba ne, sau da yawa ma kaji take watsa wa. Takan murza shi tsakanin yatsunta, ta ɗan taɓa a harshe, ta ce, “Wagga ta iya ƙoda,” ko ta ce, “A gaya mata ta sake wanke dutsenta kahin ta kashe ɗan mutane.” Ta haka ta san hannun kowace mace a unguwar, su kuma suna jin nauyinta saboda haka.

Ni kuwa tun ina ƙarama Allah Ya yi ni da fargaba. Idan aka aike ni sayen gishiri sai na kwance ƙullin sau uku a hanya in ga ko yana nan. Idan na rufe akurkin kaji sai na koma na taɓa ƙofar. Iya takan ce da ni Uwar Zullumi, ta ce da tsoro abin sayarwa ne da ta kai ni kasuwar Shinkafi ta dawo da saniya. Har yau ban rabu da halin ba. Jikokina suna dariya idan na sa su duba ko an kashe gas bayan ni da kaina na kashe. Na daina jin haushi, na gane haka aka ƙera ni.

Shekarar da zan ba da labarinta ina aji huɗu, ko biyar, ban tabbata ba. Babana yana aikin lebura a layin dogo a Kaura, hutunsa bai zo daidai da noma ba, ciyawa kuwa ta taso ta kusa shanye geronmu. Sai Iya ta kira gayya. Yaran yanzu ba su san nauyin wannan ba. Samarin gari za su taru da hauyoyinsu da mai ganga su nome maka gona a yini ɗaya, ba ka biyan su ko kwabo, amma abinci a kanka yake, kuma a kan abincin nan ake auna gida. Gidan da ya kawo tuwo mai tsakuwa, ko wanda bai isa ba, kafin a dawo gari an saka shi a waƙa, kuma baɗi idan ya kira sai kowa ya ce cikinsa na ciwo. Mu kuwa ba mu da namiji a gida, idan gayya ta guje mu babu mai nome mana. Iya ta tara dawa da gero, ta roƙi mata huɗu su zo taya niƙa, ta sa aka jawo duwatsun maƙwabta biyu zuwa tsakar gidanmu suka zama uku da namu. Dukansu suna son ƙoda. Saura kwana uku gayya.

A ranar ne wata gwaggona da ke aure a ƙetaren gulbi ta ari maƙodin da safe. La’asar ta yi bai dawo ba, hadari kuma ya haɗo daga gabas. Iya ta ce, “Uwar Zullumi, tahi ki amso min kayana kahin ruwan ga ya sauko. Ki aza shi cikin ƙwarya bisa kai, kada ki tsaya wasa.” Na tafi, gwaggo ta ba ni shi da ɗan garinsa a ƙulle, ta ce in gaida Iya in ce ta yi haƙuri, baƙi ne suka tsare ta. Da na dawo bakin gulbi na tarar ruwa ya ƙaru, an yi ruwa a wani wuri can sama, ya zo ja da laka har cinyata. Sai na fara tunani. Idan ƙwaryar ta karkace fa? Sai na sauke, na ciro maƙodin na ƙulle shi a haɓar zanena, na ɗaure tamau. Na shiga ruwa. Da na kai tsakiya sai zuciyata ta ce mini, anya ƙullin nan bai kwance ba? Ina jin nauyinsa yana bugun cinyata, amma wannan bai ishe ni ba, sai na gan shi da idona. Na tsaya a tsakiyar ruwa, hannu ɗaya riƙe da ƙwarya, ɗaya yana sassauta ƙulli. Na gan shi kuwa. Yana nan lafiya lau. Sai ƙafata ta zame a kan laka, ya sulluɓe, na ji ɗan ƙaransa a ruwa, shi ke nan.

Na lalubi ƙasan gulbin nan da ƙafa da hannu har ruwa ya shiga hancina. Yayyafi ya fara. Na fito gaɓa ina rawar ɗari, na zauna ina kuka ba mai ji. Can idona ya faɗa kan wani dutse a gindin gaɓa, mulmulalle, mai duhu, girmansu kusan ɗaya. Allah Ya yafe mini, na ɗauka. A hanya na ga bai kai na Iya baƙi ba, sai na ratse ta bayan gidanmu na goga masa gawayi, na laƙaci ɗan man gyaɗa a madafa na shafe shi har ya yi sheƙi. Na san idon Iya ya fara rauni. Na shiga ɗakinta da sauri na ajiye ƙwaryar a mazauninta, na miƙa mata ƙullin garin. Ta ɗanɗana ta ce gwaggo ta yi ƙoƙari.

Da safe bayan mun karya, Iya ta ce in jawo mata ƙwaryar za ta fara ƙoda. Na jawo. Sai ga tururuwa ta yi layi tun daga bakin ƙofa har cikin ƙwaryar, ta lulluɓe dutsen. Iya ta sunkuya ta daɗe tana kallo.

“Ikon Allah,” in ji ta. “Tun ina ɗiya nike tare da maƙodin ga, ban taɓa ganin tururuwa ta yi sha’awatai ba sai yau.”

Ta kaɗe su, ta ɗaga shi, ta ɗan jijjiga hannunta sama da ƙasa.

“Kuma ya rame. Halan gwaggonki ba ta ba shi abinci ba?”

Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Ta kama hannuna ta kai ni gaban dutsen niƙanmu, ta danƙa mini dutsen da na kawo, ta ce tunda na girma yau ni zan fara. Na durƙusa. Na buga sau ɗaya, ya yi wani irin ƙara maras rai, kamar an bugi busasshen ƙullin ƙasa. Na buga na biyu, gefensa ya ɓare, jan gari ya zube a kan dutsen. Marmara ce, irin wadda ake fasawa a zuba a hanya, ruwa ne kawai ya mulmule ta ya yi mata baƙar riga. Na dubi hannuna, baƙin gawayi da mai da jar ƙasa. Sai na fashe da kuka na faɗi komai, har da yadda na tsaya a tsakiyar ruwa.

Na ɗauka za ta doke ni, har na so ta doke ni in huta. Sai ta zauna a kan turmi ta yi tagumi. Ta ce, “Shi maƙodi gulbi ya kawo shi, gulbi ya amshe abinai, wannan ba ni da ta cewa. Amma ke ɗiyag ga, da ban gane ba, kin san mi za a ci ranar gayya? Jar ƙasa za mu ba ’ya’yan mutane. Wannan kinka tuna?” Wallahi ban tuna ba. Ni da nake tunanin abin da bai faru ba sau goma a yini, wannan ɗaya da ke gabana ban hango shi ba. Maganar nan ta fi mini bulala zafi. Ta miƙe ta ɗaura gyalenta, ta ɗauki sandarta ta ce, “Share hancinki. Kuka ba ya ƙoda dutse. Ɗauko buta ki biyo ni.”

Na ce mata a layin dogo inda babana ke aiki akwai tsakuwa tuli, har da baƙaƙe. Ta ce waɗancan an farfasa su da ƙarfi, duk sun yi baki-baki, kuma kayan gwamnati ne, ba za ta tsufa da ɗan sanda a ƙofar gida ba. Muka bi gaɓar gulbin zuwa sama, tafiya mai nisa ga tsohuwa, muna tsayawa tana hutawa a inuwar kanya. Ruwan jiya ya janye. A hanya duk dutsen da na nuna sai ta sa na ɗauko ta ƙi shi ta gaya mini dalili. Farin dutsen ƙanƙara, ta ce yana da tauri amma zuciya gare shi, bugu kaɗan sai ya tarwatse ya bar tsini a cikin gari. Mai ɗigo-ɗigo kuwa ɗan’uwan dutsen niƙa ne, ba ya iya cin ɗan’uwansa, tare za su riƙa zubewa. Da rana ta take muka iso wani wuri da ban taɓa zuwa ba, inda gulbin ya ratsa ta kan falalen dutse mai haske. A tsakiyar falalen nan wani baƙin dutse ya gitta daga wannan gaɓa zuwa waccan, miƙaƙƙe kamar an ɗaura wa gulbin ɗamara, faɗinsa bai fi taku uku ba. A gefensa ga ’ya’yansa nan zube, manya da ƙanana.

Da farko ban yarda su ne ba, don bayansu ruwan ƙasa ne kamar tsatsa, wasu ma suna ɓarewa ɓawo-ɓawo kamar albasa. Iya ta ce riga ce, rana da ruwa suka ɗinka masa. Ta buga ɗaya a kan uwar, rigar ta faɗi, sai ga baƙi a ciki mai ɗan duhun toka. Ta koya mini yadda uwarta ta koya mata. A fara da hannu: na gari ya fi girmansa nauyi. Sannan ido: cikinsa ya zama a haɗe, ba ka iya ware ƙwaya ɗaya daga ɗaya, kamar tuwon da ya tuƙu. Idan kin ga masu ƙofofi kamar waina, ta ce, danginsa ne, masu goge kaushin ƙafa suna so, amma ba su ƙoda. A karce shi da bakin wuƙa, kada ya ba da gari. Na ƙarshe kunne: a ɗora shi a buɗaɗɗen tafi a ƙwanƙwasa da wani, na gari yana amsawa da ƙara siriri kamar ƙarfen maƙera. “Wanga dutse dahuwa ya yi,” in ji ta. “Sauran duk ɗanyu ne.”

Wannan maganar tata na ɗauke ta zancen tsofaffi, sai da malaminmu na firamare ya sa kowa ya kawo dutse aji, na kai ɗan ɓallin da na tsinto a wurin. Ya juya shi ya ce kakata ba ta yi kuskure ba. Ya ce can ƙarƙashin ƙasa akwai zafin da ke narka dutse ya koma kamar kunu. Wani yakan tsaya can ƙasa ya huce a hankali shekaru aru-aru, ƙwayoyinsa su sami lokacin girma, shi ne mai ɗigo-ɗigo da muke niƙa a kai. Wani kuma yakan sami tsaga ya kutso sama, ko ya malalo waje daga dutse mai aman wuta, sanyi ya kama shi nan da nan, ƙwayoyin ba su sami girma ba, sai su cure wuri ɗaya. Shi ya sa yake da tauri, kuma ƙarfen da ke cikinsa ne ya ba shi nauyi da duhu da wannan tsatsa ta bayansa. Ƙofofin kuwa iska ce ta nemi fita yana daskarewa. Na ɗaga hannu na tambaye shi ko zai sake fitowa ta ƙarƙashin gidanmu. Yara suka yi dariya. Ya ce wutar wannan yanki ta mutu tun kafin a yi mutane a nan, in kwantar da hankalina. Na kwantar, amma sai da na yi mako ina taɓa daɓen ɗakinmu in ji ko ya yi ɗumi. Yanzu ina da jika a kwalejin kimiyya ta nan Kaura, yana karatun gine-gine. Shi ya ce mini a littafinsu basal ake kiran irin wannan dutse, wai ana fasa shi a zuba ƙarƙashin kwalta da layin dogo, a haɗa kankare da shi, saboda yana ɗaukar nauyi ba ya ruguzuwa. Ya ce kuma dutsen yana da wani ɗan’uwa mai kama da shi sosai wanda ya huce a cikin tsaga bai fito fili ba, mai yiwuwa ma namu shi ne. To, ni ban rantse ko wanne ne ba. Tunda zaman ƙauye ya yi wuya muka dawo gari, babu mai zuwa wurin ya ɗauko masa ya duba. Na dai san maƙerin ƙauyenmu a kan babban irinsa yake dukan ƙarfe, masu ginin tukwane kuma da ƙananansa suke goge bayan tulu ya yi sheƙi.

In koma bakin gulbi. Iya ta zaɓi wani da ya cika mata hannu, ya yi nauyi, ya yi ƙara, ta ce an gama, mu tafi kafin la’asar. Ni kuwa raina bai kwanta ba. Na ce ta bari in wanke shi. Na zuba masa ruwan buta na ɗora a kan falale, na tsuguna ina kallo. Ta ce, “Uwar Zullumi, jira kike ya yi magana?” Rana tana da zafi, nan da nan ya fara bushewa daga gefe. Ya bushe duka, sai wani siririn layi kamar gashi da ya zagaye shi, shi kaɗai ya rage a jiƙe. Na sake jiƙawa, layin ya sake tsayawa. Na ce, “Iya, wannan yana da tsaga a ciki.” Ta kai shi kusa da idonta ba ta ga komai ba. Ta ce in nuna mata da farce. Sai ta ɗaga shi ta maka a kan uwar dutsen daidai wurin, ya rabe biyu kamar goro. Ta dubi ɓarin biyu, ta dube ni. Ta ce, “Da a tsakiyar aiki zai yi muna haka.” Sannan ta koma inuwa ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ce, “To zaɓo muna. Yau tsoron naki ya samu aikin yi.” Na jiƙa duwatsu sun fi goma, ina jera su a rana ina jira. Ba ta ce in yi sauri ba ko sau ɗaya. Wanda ya bushe tas babu layi, ya kuma ci sauran gwaje-gwajenta, shi muka ɗauka. Ta zauna ta kankare masa riga da kusurwoyi a kan uwar har ya daina cizon hannu.

Da yamma ƙwas-ƙwas ta tashi a gidanmu. Sabon maƙodi bai saba da hannu ba, ya fasa wa Iya fata a gindin yatsa, muka riƙa karɓa-karɓa ni da ita da wata maƙwabciya. Kowane dutse sai da na wanke shi sau uku na niƙa dusa sau biyu, har maƙwabciyar ta ce kajin gidan nan za su yi mini addu’a. Washegari mata suka yini suna niƙa da tankaɗe. Babu wadda Iya ta gaya wa abin da na yi. Da suka tambayi ina tsohon, ta ce ya koma inda ya fito. Allah Ya jiƙanta, Ya sa wannan rufin asiri da ta yi mini ya zame mata inuwa.

Ranar gayya muka ɗauki akussa da ƙoren fura zuwa gona da rana tsaka. Ganga ta tsaya, samari suka zube a ƙarƙashin gawo, jikinsu duk ƙasa da gumi. Na tsaya daga nesa ina kallon bakunansu. Ba na jin abin da ake faɗa, muƙamuƙai kawai nake bi da ido, ina jiran wanda zai tsaya. Sai kuwa shugaban gayyar, wani dogo mai bakin ba’a wanda shi ke tsara waƙar zambo, ya daina tauna. Ya ɗaga hannu, kowa ya juyo yana kallonsa. Ya sa yatsa biyu a baki yana lalube. Ya zaro abin ya ɗaga shi sama yana dubawa, sannan ya ce, “Iya, ashe har da kihi kinka sa muna a miya? To ku ji, jama’a, ƙaya ce. Gidan da babu namiji ya hi gidajenku daɗin miya!” Aka kwashe da dariya, wani ya ce a miƙo akushin can kafin dogo ya cinye. Kafin la’asar sun nome gonar har da ’yar gyaɗar Iya da ba a sa su ba.

Ni ban ci komai ba a gonar. Sai da muka dawo gida na kankare ɗan abin da ya rage a gindin tukunya, ya riga ya huce, na zagaya bayan rumbu na zauna ni kaɗai. Na ci shi loma ƙanana, ina taunawa a hankali da kowane gefen baki, ina nema. Har na suɗe kwanon ban ji ko ƙwayar tsakuwa ɗaya ba.